Allurar jijiyar haƙori ta gwanjo: in saya ko in bari?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan asibiti a Garwa ya rubuto yana neman shawara. An kawo masa kwali guda na 'yan alluran nan masu murɗi da likitan haƙori ke ƙwaƙule jijiya da su, waɗanda ake kira "lim" da Faransanci. An taɓa aiki da su, amma an wanke an dafa, kuma rabin kuɗi ake nema.

Alhaji, ka bar kwalin nan.

Irin na inji da nikel da titaniyom ake yin su, shi ya sa suke lanƙwasa su bi karkatacciyar jijiya. Kowane juyi a cikin lanƙwasar gajiyar da ƙarfen yake yi, kamar wayar da yaro ke ta lanƙwasawa har ta tsinke. Ta baƙin ƙarfe, wadda ake murzawa da hannu, takan nuna alama: murɗinta ya warware, likita ya gani ya jefar. Ta nikel kuwa sai ka ga tana ƙyalli kamar sabuwa, ta karye cikin haƙorin mutum ba sallama. Tukunyar tururin da ake dafa kayan asibiti a ciki, ko ta kai zafin digiri 134, ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta mayar wa ƙarfe ƙarfinsa. Kai kuma ba ka san bakin mutum nawa kowace ta shiga ba, mai tallar ma bai sani ba.

Tun 2007 aka umarci likitocin haƙori a Ingila su yi aiki da irin wannan allura ga mutum ɗaya kawai, don datti kan maƙale a murɗinta ko an wanke.

Sai maganar aljihunka. Likitocin haƙori a Garwa da Marwa ba su da yawa, kuma sun san juna. Ranar da guntun allura ya maƙale wa ɗaya, sunan shagonka zai faɗa wa sauran, ba na wanda ya kawo kwalin ba.

In arha likitocinka ke nema, ka sayo sababbi a rufe, masu lambar kamfani, ta hannun dila mai rasit a Duwala ko Yawunde. Ka fi yawaita sirara na hannu, masu ƙananan lambobin kauri, 10 mai kan shunayya da 15 mai farin kai, don su ne ke saurin lanƙwashewa, su likita ke dawowa nema. Manyan, irin 35 da 40, kaɗan ya isa, kada su kwantar maka da sefa a kanta.