Shin Cewa Rana Tana Tasiri a Iskar Wata Ya Taɓa Aƙida?

Tambaya: Allah gafarta Malam, a aji aka ce mana rana tana ƙara ko rage 'yar siririyar iskar da ke kewaye da wata. Gabana ya faɗi, don na san hadisi ya hana jingina abu ga taurari. Ya halatta in gaskata?

Amsa: Da sunan Allah. Ɗana, Allah ya ƙara maka kishin aƙida. Ya halatta, babu laifi.

Hadisin da kake nufi na Zaidu ɗan Khalid ne, a Bukhari da Muslim. An kwana ana ruwa a Hudaibiyya, da asuba Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya sanar da sahabbai cewa wanda ya ce "an yi mana ruwa saboda tauraro kaza" ya kafirce wa Allah, ya yi imani da tauraro. Abin da malamai suka tsananta a kai shi ne ɗaukar tauraro a matsayin mai yi da ikon kansa, ko riƙe shi sababi alhali Allah bai sanya shi ba, ko duba gaibu da shi.

Naka sababi ne da aka auna. Rana tana feso ƙananan ƙwayoyi masu gudun kusan kilomita 400 a daƙiƙa. Wata ba shi da garkuwar maganaɗisu irin wadda ke kare duniya daga wannan feshi, don haka suna dukan turɓayarsa kai tsaye. Daga nan ake samun yawancin iskar heliyom da ke kewaye da shi, wadda 'yan sama jannatin kumbon Apollo 17 da suka sauka a wata suka kafa na'urar da ta gano ta a 1972. Kumbon LADEE na Amurka, tsakanin 2013 da 2014, ya ga tana hawa da sauka tare da feshin rana. Abin da ya fi taɓa zuciyata: idan wata ya cika, yakan shiga bayan garkuwar duniya, feshin ya yanke, heliyom ɗin ya ragu. "Rana da wata da lissafi suke," in ji Suratur Rahman.

Kamar ka ce rana ta busar da wanki ne. Ba wanda ya yi shirka da wannan, matuƙar ya san Allah ne ya halicci zafin da bushewar.

Sai dai idan wani ya ce wannan feshi yana nuna wanda zai mutu ko ya yi arziki, to ya shiga duba, haramun ne ka gaskata shi. Wallahu a'alam.