Amsa ga ɗana na Zariya game da gidan abincin titin U

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma gode da gaisuwa. Na lura tambaya uku ka ƙulle a cikin ɗaya: me ya kai mu gidan abincin da ake sayar da naman alade, yaya aka yi muka ba baƙin Ba'amurke auren ƙanwarka, sannan ko yaran da muka haifa a nan sun cancanci a kira su Hausawa. Duk wannan daga hoton da muka ɗauka a ƙofar Ben's Chili Bowl ranar da autarmu ta gama Jami'ar Howard. Bari in fara da gidan, don shi ne ba ka sani ba.

An buɗe shi a watan Agusta na 1958 a titin U da ke birnin Washington, a wani gini da a da gidan sinima ne. Mai shi, Ben Ali, Musulmi ne haifaffen Tirinidad, jikan Indiyawa, wanda karatu ya kawo shi Amurka. Shi da Virginia, wadda take aiki a wani bankin baƙar fata na unguwar, suka kafa wurin, suka kuma yi aure a wannan shekarar. Abin da suke sayarwa hot dog ne, wato niƙaƙƙen nama da ake curawa dogo a gasa, a saka a tsakiyar burodi, a zuba masa miyar nama mai yaji da albasa. Wanda ya fi suna a cikinsu, half-smoke, haɗin naman sa ne da na alade. Gaskiyarka a nan, ba kuma zan ɓoye maka ba. Mu ba ma cin sa, shi ma Ben Ali an san ba ya ci saboda addininsa. Akwai na naman sa zalla, akwai na talo-talo, akwai miyar da babu nama a cikinta sam. Wasu daga cikinmu na ƙarshen kawai suke saya saboda batun yanka, ni ma ina cikinsu. Hukuncin Musulmi ya yi cinikin alade kuwa, na san abin da malamai suka faɗa, ban ja da su ba. Mutumin ya rasu a 2009, hisabinsa yana wurin Allah.

Abin da ya sa mutanen birnin nan suke girmama gidan ba daɗin miya ba ne kaɗai. Lokacin da aka buɗe shi, wariyar launin fata ta sa titin U ne cibiyar baƙar fata: bankinsu, gidajen kiɗansu, likitocinsu, duk a nan. A 1963, da aka yi babban gangamin neman 'yanci wanda Martin Luther King ya yi jawabi a cikinsa, gidan ya ba da abinci ga masu gangamin. Da aka harbe King a ranar 4 ga Afrilu 1968, unguwar ta kama da wuta. Aka shigo da sojoji fiye da 13,000, aka sa dokar hana fita. Stokely Carmichael, jagoran matasa masu fafutuka wanda ofishinsu ke tsallaken titi, shi ya nemo izini aka bar gidan a buɗe bayan lokacin dokar. A teburi ɗaya ake ciyar da ɗan sanda, da ma'aikacin kashe gobara, da matashin da ya wuni yana zanga-zanga. Shagunan da ke kewaye da yawa sun ƙone, masu hali suka tattara suka bar unguwar.

Abin da ya biyo baya ni ganau ne. Na zo karatu, kuɗin tallafi daga gida ya yanke, na shiga tuƙin tasi da dare kamar yadda da yawa daga cikinmu suka yi. A ƙarshen shekarun 1980 titin U ba wurin da mai hankali ke tsayawa ba ne. Masu sayar da ƙwaya sun mamaye kowane lungu, ga shi an haƙe titin gaba ɗaya ana ginin jirgin ƙarƙashin ƙasa, aikin da bai ƙare ba sai 1991. Ciniki ya mutu, ma'aikatan gidan suka koma 'yan ƙalilan, amma ba su rufe ba. Mu direbobi, da 'yan Habasha da 'yan Ghana da mu 'yan Arewa, nan muke lallaɓawa mu sha abu mai zafi mu huce gajiya. Ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza don hulata ko don Turancina. Baƙo a ƙasar da ba tasa ba ba ya manta irin wannan.

Yau unguwar ta yi tsada, gidajen da a da ko kyauta ba a so sun gagari talaka. Baƙar fata da suka haura kashi 70 cikin ɗari na mazauna birnin a 1970 yanzu ba su kai rabi ba. Da yawa sun koma gundumar Prince George's a jihar Maryland, inda mu ma muke. Gidan yana nan a hannun iyalin. Barack Obama ya ci abinci a wurin a Janairun 2009, 'yan kwanaki kafin a rantsar da shi, kuma a lokacin korona sun kai wa ma'aikatan asibiti abinci. Mu da muka taso muna jin cewa maƙwabci yana da haƙƙi ko da ba addininku ɗaya ba, mun gane wannan hali da muka gan shi.

Sai maganar aure, wadda ita ce ta fi yi mini ciwo. Kun ji an ce baƙin Ba'amurke, sai kuka hango abin da kuke gani a talabijin. Mijin ƙanwarka a Musulunci aka haife shi. Kakansa yana cikin masu sallah a Masjid Muhammad, masallacin da baƙar fata suka gina da guminsu a birnin nan a 1960, jama'ar da suka koma tafarkin sunna bayan 1975 a ƙarƙashin Imam Warith Deen Mohammed. Iyayensa sun zo neman aure da manyansu, mun yi bincike kamar yadda ake yi a gida, an yanka sadaki, an raba goro da alewa, mahaifinka ne ma waliyyi ta waya. Amma har yau idan na kira gida sai wani ya tambaye ni asalin yaron. Kakanninsa a ɗaure aka kwashe su daga yankinmu na Afirka ta Yamma, aka raba su da sunansu da harshensu. Wane asali kake so ya kawo maka? Samarin Hausawa a nan ba su da yawa, waɗanda ake turowa daga gida kuma sau da yawa takardar zama suke nema, ba yarinyar ba. Mun ga auren da ya mutu a kan haka.

Hausar jikokina ba ta da ƙarfi, wannan kam yana damuna. Suna ji, amma da Turanci suke mayar da amsa. Mahaifiyarsu tana iya ƙoƙarinta, matata kuma ba ta yi musu magana da wani harshe in ba Hausa ba. Duk da haka suna rusunawa su gaida babba, ba sa miƙa hannun hagu, suna zuwa Islamiyya Asabar da Lahadi. Ranar Sallah muna haɗuwa da 'yan Nijar da 'yan zangon Kumasi da na Accra, a yi waina da miyar taushe, a ci har da maƙwabtanmu da ba Musulmi ba. Idan aka yi mutuwa, kafin dare an haɗa kuɗin likkafani da na kabari, domin a nan kabari saye ake yi, kuma a nan muke binne namu yanzu. Idan aka tashi gyaran masallacin unguwa ko kuɗin makarantar wani a Zariya, ba a taɓa tambayar ko mu Hausawa ne kafin a kira mu ba, kuma ba mu taɓa ƙin amsawa ba. Ina so a riƙa tuna wannan idan maganar 'ya'yanmu ta taso.

Ka gaida mahaifinka da kyau, ka ce masa ina nan tafe bayan babbar Sallah in Allah ya yarda, tare da ƙanwarka da mijinta. Yaron yana son ya ga Zazzau, ya kuma gaida surukansa ido da ido. Ku shirya masa masauki a cikin gida, ba a otal ba.