Tambaya da Amsa: Yaro na haddace karatu amma bai iya karantawa ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 8, yana aji uku na firamare a Agege. Littafinsa cike yake da rubutun da ya kwafo daga allo, kuma yana rera karatun da ka. Amma in na nuna masa kalma ɗaya a jikin kwalin shayi sai ya yi tsit. A gida Hausa muke yi, a layi Yarbanci da Turancin buroka, da yamma kuma Islamiyya. Ko harsunan ne suka yi masa yawa?
Wata uwa, Agege

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Harsunan ba su da laifi, kan yaro yana ɗaukar uku ko huɗu. Ɗanki hadda ya yi, ba a koya masa cewa kowane baƙi yana da sautinsa ba.

Ki fara gwada shi. Rubuta baƙaƙe 10 a warwatse, kada ki jera su yadda ake rera su a aji. In ya gane yawancinsu, ki ba shi kalmomi biyar masu gaɓa biyu: gida, tuwo, riga, kifi, mota. In ya wuce, sai gajeriyar jimla. Inda ya tsaya, nan za ku fara, ko da ajinsu ya yi nisa.

Da Hausa za ki koya masa, domin rubutun boko kusan yadda aka rubuta shi haka ake faɗarsa, alhali wasali ɗaya na Turanci yana iya fita da furuci uku ko fiye. Hanyar ma ba baƙuwarki ba ce, ita ce ta makarantar allo: babbaƙu tukuna, sannan farfaru. Ki yanka kwali ƙanana, kowanne ki rubuta gaɓa ɗaya: ba, be, bi, bo, bu. Baƙi biyu a mako sun isa. Sai ya riƙa haɗawa da hannunsa, gaɓar ki da gaɓar fi su ba shi kifi, ya juya ya ga fiki ba kalma ba ce. Minti 15 kullum bayan magariba ya fi awa biyu ranar Lahadi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne koyar da sunan baƙi maimakon sautinsa, da saurin faɗa wa yaro amsa. In ya kakare, ki ƙirga biyar a zuci, sannan ki nuna masa gaɓar farko kawai. Kada ki koya masa b da d a mako ɗaya, kuma ki bar ɓ, ɗ da ƙ sai waɗancan sun zauna. Bulala kuwa a ajiye ta, yaron da ke tsoron duka cinke yake yi. In kin ga yana ƙanƙance ido ko yana kai littafi kusa da hanci, a kai shi asibiti a auna idonsa.

TAMBAYA: Ina koyar da yara 55 a wata makarantar kuɗi a Idi-Araba. Kafin ƙarfe goma wasu sun fara gyangyaɗi. Yaya zan yi?
Malamin aji biyu

AMSA: Malam, ka tambaye su ƙarfe nawa suke kwanciya, kuma ko sun karya. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda ake tasa da biyar da rabi don gudun cunkoson Legas, ya kamata takwas da rabi ta yi masa a kan shimfiɗa. Wannan magana ce ta taron iyaye. Wanda ya ƙoshi, ya yi barci, amma kullum a gajiye, ko cikin fatar idonsa ya yi fari, a kai shi cibiyar lafiya a duba ƙarancin jini da tsutsar ciki.

A aji kuma kada bayaninka ya wuce minti 10 ba su yi komai ba. Kowa ya riƙe ƙaramin allo da alli, ka yi tambaya, duk su rubuta su ɗaga tare. Nan take za ka ga wanda bai gane ba, har na bencin baya.