Yadda za ki jawo tsuntsaye tsakar gida a bazara

'Yar'uwa, kin ce kina watsa gero amma tsuntsaye ba sa sauka. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ƙishirwa ta fi yunwa damunsu. Ki samu kasko mai faɗi marar zurfi, ki zuba ruwan da bai wuce gaɓar yatsa ba, ki jefa tsakuwa biyu ciki don ƙanana su samu wurin tsayawa. Ki ɗora shi bisa turmi a inuwar darbejiya, nesa da inda mage ke laɓewa. Kullum ki sauya ruwan, don kada sauro ya yi ƙwai. Kurciya ce kan fara zuwa, sauran su biyo baya. Tsakin gero ya wadatar. Don Allah kada ki ba su hatsin da ya yi fumfuna, yana cutar da su.