Albasar da ba a miya da ita

Yaya, ka ga hoton furanni a tagar ɗakina ka ce wai mun gama zama Turawa, Bahaushe ba ya shuka abin da ba a ci. Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a rai.

Kai hunturun Katsina ka sani, a ji ɗumi da asuba, hantsi ya yi a tuɓe rigar sanyi. Nan Otawa, babban birnin Kanada, a Janairu sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifili, har mashigin ruwan Rideau ya daskare mutane su riƙa zamiya a kansa. A Disamba kuwa, kafin huɗu da rabi magariba ta yi. Wata huɗu ido bai ga ɗanyen ganye ba, ko'ina fari fat. Sai ka ji ƙunci ba tare da an yi maka komai ba.

Shi ya sa tun Oktoba nake sayen kawunan wani fure da ake kira tulif, kamar albasa suke sak, in binne su a tukwane, in ajiye a wuri mai sanyi wajen mako 14. In ba su sha sanyin nan ba, ba sa fure. Daga nan in shigo da su ɗaki, cikin mako uku su buɗe, alhali na waje sai Mayu. Shekarar da Inna ta zo yi mini wankan jego ta tarar da su a firij, saura ƙiris ta yanka a miya. Har Allah Ya yi mata rasuwa tana ba da labarin.

Furen ma na tukuici ne. A 1945 gidan sarautar Holan ya aiko wa garin nan guda 100,000, don Kanada ta ba 'yarsu Gimbiya Juliana mafaka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Uwar mijin 'yarka ce ta gaya mini. E, na san auren nan ne ke ci maka tuwo a ƙwarya, ba fure ba. Yaron ya musulunta tun kafin su haɗu, ya biya sadaki, ranar suna an yanka rago, kuma yana gaishe ni a durƙushe, abin da wasu 'ya'yan gida suka daina.

Sannan ka manta lallen da ke tsakar gidanmu? Shi ma ba a ci, kuma kai Inna ke sawa ka ba shi ruwa. In ka sami mai zuwa, a haɗo mini kuka da daddawa, nawa sun kusa ƙarewa.