Ruwan Bagaja: shin ƙarya Alhaji Imam ya shara wa Koje?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya da iyali. Ni uwa ce, ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. An ce wa ɗana mai shekara 13 su karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam a makaranta, na sayo masa. Tun da ya gama, shi da abokansa ba su da wata hira a ƙofar gida bayan magariba sai ta "abin da aka ɓoye" a littafin. Shi ya kafe a kan cewa Alhaji Imam bai je ko'ina ba, zama ya yi ya shirya wa Koje ƙarya. Wani abokinsa ya ce Malam Zurƙe ba mutum ba ne, aljani ne da ke bin Alhaji, shi ya sa duk garin da ya sauka sai ya tarar da shi. Yayansu da ke jami'a kuma ya ce ai ruwan nan ilimin boko ake nufi da shi. Mu dai a zamaninmu mun karanta, mun sha dariya, mun wuce. Akwai ƙamshin gaskiya a maganganun nan, ko in tsawatar masa kada ya je ya rubuta shirme a jarrabawa?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana shi. Kada ki tsawatar masa. Na daɗe ina koyar da littafin nan, kuma abin da na fi fama da shi a aji shi ne yaran da za su haddace sunayen garuruwan da Alhaji ya bi, amma ko sau ɗaya ba za su tambayi kansu wa ke ba da labarin ba. Naki ya tambaya. Sai dai maganganun nan uku ba nauyinsu ɗaya ba, kuma ta ɗanki ce ta fi tsayuwa da ƙafafunta, don haka da ita zan fi daɗewa.

Ki tuna yadda littafin ya buɗe. Ba da Alhaji aka fara ba, da Koje Sarkin Labari aka fara, mutumin da aka ce mana motsattse ne, ba shi da sana'a sai yawo gari gari yana farautar labari. Shi ne ya iso Kwantagora, Alhaji Imam ya zaunar da shi ya ɗauko masa tarihinsa. Daga nan har kusan ƙarshe, duk abin da muka ji daga bakin Alhaji ya fito: yadda aka wulaƙanta Liman, mijin mahaifiyar Alhaji, a fada don ya ce ruwan Bagaja ne maganin ciwon ɗan Sarki, yadda shi Alhaji ya fusata ya fita nema, da duk abin da ya gamu da shi a hanya. Marubucin bai taɓa leƙowa ya ce mana "ni ma na gani" ba.

To wane irin mutum ne mai bakin? Shi da kansa ya gaya mana. Ki sa yaron ya buɗe wurin da Alhaji ya sauka wani gari ya ce shi malami ne, alhali bai da karatun. Malam Zurƙe ɗan Muhamman ya zo zai tona shi a bainar jama'a. Alhaji ya durƙusa ya ja wani lanƙwasasshen zane a ƙasa, ya ce a faɗa masa mene ne wannan. Zurƙe, da yake almajiri ne na gaske, ya shiga lissafo haruffan da suka yi kama da zanen. Alhaji ya ce duk bai faɗa daidai ba, wannan jinjirin wata ne. Mutanen gari, waɗanda ba su san baƙi ba amma kowa ya san wata, suka ce Alhaji ya yi gaskiya, mai ilimin ya bar garin a kunyace. Duk lokacin da na karanta wurin nan a aji sai an kwashe da dariya, kuma da wuya a sami wanda zai tsaya ya ce, af, ai Zurƙe ne mai gaskiya. Darasin da shafin ya koyar shi ne, Alhaji da baki yake cin nasara, kuma ya san yadda ake sayar wa taro abin da suke son ji. Yaron da ya karanta wannan, sannan ya ɗaga kai ya ce "mutumin da ya yaudari gari guda, me zai hana shi yaudarar motsattse ɗaya mai ƙishirwar labari?", wallahi karatu ya yi. Daga cikin littafin ya ɗebo hujjarsa, bai shigo da ita daga waje ba.

Akwai kuma abin da ke ƙara wa maganarsa ƙarfi daga al'adarmu. Kakanninmu in sun gama tatsuniya sukan rufe da cewa ba don Gizo ba da sun yi ƙarya, su kuma ƙara da cewa da ma ƙaryar ce. Bahaushe ya saba da mai labarin da ke kashe masa ido ɗaya. A shekarar 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya zagaya yana neman malamai su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai, babbar wahalar da ya sha ita ce malaman suna ganin ƙaga labari aikin mata da yara ne, bai dace da mai ilimi ba. Abubakar Imam a lokacin saurayi ne ɗan shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, kuma daga gidan malamai ya fito. A ganina, ɗora labarin a bakin wani gwanin zance, ana ba wani motsattse, dabara ce mai kyau ga matashin da ke cikin wannan hali: in ƙarya ce, tsakanin Alhaji da Koje take. Wannan fahimtata ce, ki riƙe ta a haka.

Amma ga inda zan taka wa yaron birki. Cewa "bai je ko'ina ba" ta yi yawa. Fitar Alhaji da dawowarsa da warkewar ɗan Sarki duk a gida suka faru, a idon mutanen da suka san shi tun yana yaro. Mutum ba ya zama a garinsu ya ce ya warkar da ɗan Sarki alhali bai yi ba, sai in yana neman bulala. Abin da ba shi da shaida shi ne tsakiyar tafiyar, can inda ake gamuwa da aljannu da abubuwan al'ajabi. Wanda kaɗai zai iya cewa "ina wurin" a wasu sassan shi ne Zurƙe, shi kuwa abokin ɓarawo ne a wannan fage, don shi ma ya iya shirya tuggu. Saboda haka abin da littafin zai iya ɗauka shi ne: Alhaji ya yi tafiya, amma gishirin da ya zuba a labarin, Allah kaɗai ya san yawansa. In yaron ya rage maganarsa zuwa nan, babu malamin adabin da zai ture ta.

Batun Zurƙe aljani ne kuwa, na gane abin da ya haifar da shi. Duniya da faɗi, a ce kowane gari ka shiga sai ka ci karo da mutum ɗaya? Yaro mai lura dole ya nemi dalili. Sai dai dalilin yana wajen labarin, a irin ginin da aka yi masa. Abubakar Imam da kansa ya faɗa a wata hira cewa ya ɗauki dabarar mutum biyu masu gasar wayo daga Muƙamar Hariri, wato littafin nan na Larabci da ake karantawa a zaurukan malamanmu don sanin lugga. Hariri mutumin Basra ne, ya rasu a 1122, kuma muƙamominsa hamsin duk tafiyarsu ɗaya: mai ba da labari, Harisu, zai sauka wani gari ya tarar da wani mai zaƙin baki yana tatsar jama'a, in ya duba da kyau sai ya ga ashe Abu Zaidu ne, mayaudarin nan da ya sani, ya canza kama. Su rabu, a gari na gaba su sake haɗuwa. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin ganin Zurƙe a kowace kusurwa ba. Ana dawo da shi ne don a sake buga wasan, yau Alhaji ya ci, gobe a rama masa. Ban da haka, littafin ba ya jin kunyar aljannu. Inda suke ya kira su da sunansu. Me zai sa ya ɓoye guda ɗaya? Kuma aljanin da ake kunyatawa a gaban taro, a kore shi daga gari, ya tafi yana ƙulla yadda zai rama kamar kowane ɗan Adam, ai aljannu ma sa yi masa dariya.

Saura ta ɗan jami'a. Ita ce ta fi daɗin ji a baki, ita ce kuma ta fi rauni. Ana cewa ɗan Sarki marar lafiya shi ne ƙasar Arewa, ruwan da ke nesa shi ne boko, fadawan da suka yi wa Liman dariya su ne masu ƙin makaranta. Ya zauna daram, ko ba haka ba? To ki cire boko ki sa ilimin addini, zai zauna. Ki sa arziki, ki sa haƙuri, ki sa 'yancin kai, duk za su zauna. Makullin da ke buɗe kowane kwaɗo a kasuwa bai gaya miki komai game da ƙofar ɗakinki ba. Duk labarin da jarumi ya fita neman wani abu mai wuyar samu zai karɓi irin wannan fassarar. Sunan ruwan ma ba Imam ya ƙaga shi ba. Yana cikin tsohuwar tatsuniyar nan ta 'yar bora da aka tura wanki ruwan Bagaja don a wahalar da ita, ta dawo da alheri, 'yar mowa ta bi sawu da rashin kunya ta kwaso tsiya. Kafin a kafa allo baƙi a ƙasar Hausa ake ba da ita. Kuma in da boko ake nufi, a ina Alhaji ya zauna ya koyi wani abu? Da wayo da sa'a da taimakon waɗanda ya gamu da su ya kai ga ruwan.

Inda ɗan jami'ar ya kusa gaskiya shi ne tarihin littafin kansa. An shirya gasar ne don waɗanda suka koyi karatun boko su sami abin karantawa da harshensu, kuma daga ita aka fitar da littattafai biyar, har da Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wato littafin ɗan aiken boko ne. Wannan bai sa ruwan da ke cikinsa ya zama boko ba. In kuma saƙo ake nema, akwai shi a fili ba tare da tono ba: dariyar da ake yi wa malaman tsibbu na ƙarya, da jama'ar da ke bin mai babban rawani ba tare da sun auna karatunsa ba. Wannan har gobe bai tsufa ba, wanda ke sauraron masu tallar magani da lasifika a tashar Kawo ya sani.

Akwai wata da yaranki ba su kawo ba, amma na sha jin ta, ita ce wai Alhaji Imam shi ne Abubakar Imam. Suna ya zo ɗaya, kuma Kagara inda aka haifi marubucin a 1911 ba ta da nisa da Kwantagora. Wannan wasa ne na marubuci, kamar maginin da ya danna tafin hannunsa a jikin danyen bango kafin ya bushe. Ba ya nufin ya taɓa damfarar kowa da jinjirin wata.

Game da jarrabawa, ki gaya masa gaskiya. In an tambaye shi dalilin fitar Alhaji, amsa ita ce wulaƙancin da aka yi wa Liman da neman maganin ɗan Sarki, kada ya tsaya kawo wata fassara. Mai duba takarda yana da abin da yake nema, kuma yana da ɗaruruwan takardu a gabansa. In kuwa tambayar ta buɗe ƙofa, kamar a ce ya bayyana halin Alhaji Imam, nan ne wurin maganarsa. Ya rubuta cewa Alhaji mai wayo ne da ba a sakin jiki da zancensa, ya kawo labarin zanen nan a matsayin hujja. Maki zai samu, ba ragi ba.

Ga aikin da zan ba shi, shi da abokan hirar tasa. Su sami fensir su sake bin littafin daga farko, ba shi da kauri, kwana biyu ya isa. Duk inda Alhaji ya faɗi da bakinsa cewa ya yi wa wani ƙarya, su sa alama a gefen shafi. Duk inda wani abu ya faru a gaban mutanen garinsu, su sa wata alamar daban. Mai cewa Zurƙe aljani ne ya nemo wuri ɗaya tak da Zurƙe ya yi abin da ɗan Adam ba zai iya ba. Sannan ki jefa musu wannan, wadda wata yarinya 'yar aji biyu ta taɓa jefa mini ana saura minti biyar a tashi, na tsaya riƙe da alli ina kallonta: duk shekarun nan da Alhaji ya kwashe yana yawo, yana shiga kurkuku yana fita, yana rigima da Zurƙe, wane irin ciwo ne ke jikin ɗan Sarki da bai kashe shi ba, bai kuma sake shi ba, ya zauna yana jiran a dawo? In sun samo amsa, Hajiya, ki aiko mini da ita.