Ciyaman ya ci zaɓe, amma bai ci bakin ƙaninka ba

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ƙanina ɗan shekara 24 ya yi rubutu a Facebook cewa asibitin garinmu da aka ce an gyara har yau yoyo yake yi, ya ɗora hotuna, ya rufe da cewa ciyaman ɗinmu ɓarawo ne. Bayan kwana biyu 'yan sanda suka zo gida, ba su same shi ba, sai suka tafi da mahaifinmu. Sai da yaron ya kai kansa aka saki tsohon. Yau kwanansa 9 a caji ofis, ba a kai shi kotu ba, wayarsa ma tana hannunsu. An aiko mana cewa idan ya rubuta takardar ban haƙuri ya kuma yi bidiyo yana janye maganar, za a sake shi. Dattawan unguwa suna cewa mu bi kawai, ai shugaba ne, jama'a suka zaɓe shi. Ni kuwa zuciyata ta ƙi. Me doka ta ce?

Amsa: Malam, sannu da ɗawainiya, ka kuma yi wa Baba jaje a madadina. Zan fara da shi, domin abin da aka yi masa ne ya fi kowane fitowa fili. Kama wani a madadin wani haramun ne a dokar Najeriya. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana, sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya hana, jihohi ma sun kwafi wannan hani a tasu dokar. Ko awa ɗaya Baba ya yi a bayan kanta, yana da ƙarar kansa daban da ta ɗansa.

Sai kwana 9 ɗin nan. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin lokacin da ya dace, bai kuma bar wa DPO ya fassara lokacin yadda ya ga dama ba. Idan akwai kotun da ke da hurumi cikin tazarar kilomita 40, kwana ɗaya ne. Idan babu, kwana biyu, sai dai in kotu da kanta ta gamsu cewa akwai dalilin ƙari. Sashen ya ce a sanar da mutum a rubuce, cikin awa 24, da yaren da yake ji, dalilin kama shi. Ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. Ƙaramin sashe na 6 kuma ya ce wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Ka lura da wannan da kyau: a takarda, ƙaninka ne ke bin bashin ban haƙuri, ga shi an juya shi ake nema ya bayar.

Abu ɗaya ka bincika tun yau. Wani lokaci 'yan sanda sukan je kotun majistare a ɓoye su karɓo takardar ajiya, wato izinin kotu na ci gaba da tsare mutum, wadda a dokar tarayya ba ta wuce kwana 14 a karon farko. Lauyanku ya tambaya kai tsaye ko akwai irin wannan takarda, ya nemi ganinta da idonsa. In babu, tsarewar ba ta da madogara ko kaɗan.

Maganar dattawa ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin na san ba don mugunta suke yi ba, sun ga jiya sun ga yau, sun san yadda talaka ke ƙarewa idan ya ja da mai mulki. Amma hujjar da suka kawo ba ta tsaya ba. Mu bar ma zancen yadda ake zaɓen ƙananan hukumomi a ƙasar nan, inda jam'iyyar gwamna kan share kujeru kaf. Mu ɗauka an zaɓe shi da halal. Ƙuri'a ta ba shi ikon kula da kuɗin ƙaramar hukuma na 'yan shekaru. Ba ta mallaka masa 'yan sanda ba, waɗanda ma na tarayya ne, ba ta kuma ba shi bakin kowa ba. Dalilin da ya sa aka rubuta babi na huɗu na tsarin mulki, babin haƙƙoƙin ɗan Adam, ke nan: akwai abubuwan da ko mutum miliyan ne suka zaɓe ka ba ka da ikon taɓawa a jikin mutum guda. In da rinjaye kaɗai ne ma'auni, da duk wanda ya faɗi zaɓe ko ya ƙi jefa wa mai nasara ƙuri'a ya zama naman farauta har zaɓe na gaba.

Kotunanmu sun daɗe da faɗin haka. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke ɗaurin da aka yi wa Arthur Nwankwo saboda ya caccaki gwamnan tsohuwar jihar Anambra, Jim Nwobodo, a rubuce. Kotun ta ce dokar tunzura jama'a a kan hukuma da muka gada daga Turawan mulkin mallaka ba ta dace da 'yancin magana ba, kuma wanda ya hau kujerar jama'a ya koyi jure suka. In yana ganin an yi masa ƙazafi, ya shigar da ƙara kamar kowa. A 2007 wannan kotu ta sake cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi taron lumana, shari'ar da ta samo asali daga gangamin jam'iyyar ANPP da aka tarwatsa da barkonon tsohuwa a Kano a 2003.

To, amma ba zan yi maka romon baka ba. Sashe na 39 na tsarin mulki da ya ba da 'yancin faɗin ra'ayi yana da sashe na 45 a bayansa, wanda ya yarda a yi dokokin da ke kare zaman lafiya da mutuncin wasu. Ta wannan ƙofar ce za su iya shigowa. Da farko za ka ji an ambaci dokar laifukan intanet ta 2015, sashe na 24. A da tana hukunta saƙon da ya ɓata wa mutum rai ko ya zage shi, abin da ya sa kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya saɓa wa 'yancin magana. An gyara sashen a 2024. Yanzu sai an nuna saƙon batsa ne, ko kuma ƙarya ce da marubucin ya san ƙarya ce, ya yaɗa don ya tada hankalin jama'a ko ya jefa rai cikin haɗari. Hoton rufin da ke yoyo da wuya ya shiga nan. Kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin wannan doka, majistare ba shi da shi.

Inda nake jin ɗar shi ne ɓata suna a ƙarƙashin Final Kod, dokar hukunta laifuka ta jihohin Arewa, sashe na 391 da 392 a tsohon tsarin, wanda ɗaurinsa kan kai shekara 2. Wannan doka tana nan da ranta. A 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 da tara da sharar harabar kotu saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan lokacin. Rubutun ƙaninka kashi biyu ne. Hotunan asibiti da cewa ba a yi aikin ba, dokar da kanta ta ba su mafaka, domin ta keɓe gaskiyar da aka faɗa don amfanin jama'a da ra'ayin da aka bayar da kyakkyawar niyya kan yadda ma'aikacin gwamnati ke aikinsa. Kalmar ɓarawo ce ƙashin da ya tsaya a wuya. Rufi ya yi yoyo bai isa shi kaɗai ya tabbatar da cewa ciyaman ne ya ci kuɗin ba. Da ya tsaya a tambayar ina kuɗin suka tafi, da na kwana da daɗi. Duk da haka, ko da kalmar laifi ce, alƙali ne zai faɗa, kuma laifi ne da ake ba da beli a kansa.

Ga yadda zan bi da a hannuna shari'ar take. Gobe da safe lauya ya kai wa DPO takardar neman beli, ya aika kwafi ga kwamishinan 'yan sanda, a buga masa hatimin karɓa. Beli kyauta ne, kada ku ba kowa ko sisi. Sau da yawa wannan takardar kaɗai kan sa a saki mutum ko a garzaya da shi kotu, kuma zuwa kotun ma ci gaba ne, domin a can za a nemi belinsa a gaban alƙali. In kwana biyu suka wuce shiru, a shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan Adam a Babbar Kotun jiha ko ta tarayya bisa sashe na 46 na tsarin mulki da ƙa'idojin irin wannan ƙara na 2009. Kai kanka za ka iya yin rantsuwar a madadinsa tunda yana tsare, kuma ana iya roƙon alƙali ya ba da umarnin gaggawa a fito da shi. Ciyaman ba shi da rigar kariya; sashe na 308 shugaban ƙasa da gwamna da mataimakansu kaɗai ya rufe. Sai dai kafin a haɗa shi cikin ƙarar, ana son shaidar cewa shi ya ingiza kamun, ba rahoto kawai ya kai ba. Saboda haka wanda ya kawo muku saƙon sharaɗin ban haƙuri, ka rubuta sunansa da ranar da ya zo da waɗanda ke wurin. In ta waya ya turo, kada ka goge. Idan kuɗin lauya ya gagara, akwai hukumar ba da tallafin shari'a kyauta da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, duka suna da ofisoshi a jihohi.

Kada ka sa rai da kuɗin diyya da wuri. Kotu kan yanke, amma karɓar kuɗi daga hannun hukuma yakan ja shekaru, domin taɓa asusun gwamnati na da nasa shingayen. Amfanin ƙarar na kusa shi ne yaron ya kwana a gida.

Batun ban haƙuri kuwa, ba zan ce maka sulhu abin kunya ba ne. Wanda ke kwance a simintin sel ne ya san zafinsa, kuma shi ke da ta cewa ta ƙarshe. Abin da zan hana shi ne sa hannu a takarda ko yin bidiyo yana tsare ba lauya a gefensa, domin gobe ana iya miƙa wa alƙali wannan a matsayin amsa laifi. In ya zaɓi sulhu, lauya ya rubuta kalmomin: ya janye kalmar ɓarawo ita kaɗai, mai ƙorafi ya janye ƙorafinsa a rubuce a rana guda, a dawo da wayar. Hotunan asibitin kuma ka adana su a wuri biyu ko uku tun yau, in da hali ka koma ka ɗauki sababbi ranar da aka yi ruwa, kwanan wata na jiki.